Sunan Kenzo: na kakanni ne a Japan, na jarirai a Faransa

Wata 'yar uwa da ke zaune da iyalinta a birnin Lyon na ƙasar Faransa ce ta aiko da wannan tambaya: "A ajin ɗana akwai yara biyu masu suna Kenzo, ɗaya Bature ne, ɗayan kuma iyayensa 'yan Aljeriya ne. Da na bincika sai na ga an ce sunan Japanawa ne, kuma wai ba kasafai ake sa shi ba. Wani wuri an ce ma'anarsa mai hikima, wani wuri kuma mai ƙarfi da lafiya. Wanne ne daidai? In kuma har sunan ba shi da yawa, me ya tara biyu a aji ɗaya?"

Malama, duk abin da kika karanta akwai ƙamshin gaskiya a ciki, gutsi-gutsi ne kawai aka yanko miki. Kenzo sunan Japanawa ne na gado, ba ƙirƙirar 'yan zamani ba. Sai dai a Japan ɗin yau da wuya ki ji an raɗa wa jariri shi. In aka ƙwala kiran Kenzo a tashar jirgin ƙasa ta Osaka, galibi mai furfura ne zai waiwayo. A ƙasar da kike zaune ne sunan ya sami gindin zama, kuma ba Japanawa ne suka goyo shi zuwa can ba, allon wani shagon tufafi ne ya kai shi. Bari mu fara da maganar ma'ana, don ita ce ta fi rikita mutane.

A wurin mutumin Japan suna ba sauti ba ne kawai, rubutu ne. Suna rubuta shi da haruffan kanji da suka aro daga ƙasar Sin fiye da shekara dubu da ta wuce, kowane harafi ɗauke da ma'anarsa, kuma haruffa da yawa lafazinsu ɗaya ne. Gaɓar "ken" kaɗai ana iya rubuta ta da 健 mai nufin lafiya da ƙarfin jiki, ko 賢 mai nufin hikima, ko 謙 wato tawali'u, ko 研 wato wasa abu har ya yi kaifi, wanda daga nan ya ɗauki ma'anar nazari, ko 憲 wato doka. Har harafin takobi ma "ken" ake karanta shi. Saboda haka mai cewa hikima bai yi ƙarya ba, mai cewa lafiya ma bai yi ba. Kuskurensu ɗaya ne: kowannensu ya ɗauki rubutun mutum guda ya ce shi ne ma'anar sunan baki ɗaya.

Su kansu Japanawa ba sa sanin yadda ake rubuta sunan mutum daga jin sa. In wani ya buga waya asibiti ko banki ya ce sunansa Kenzo, abin da ma'aikaciya za ta fara tambaya shi ne da waɗanne haruffa. Sai ya ce mata, "ken ɗin kenko, sannan uku ta lissafi", wato harafin da ke farkon kalmar lafiya. Wani kuma ya ce nasa na kashikoi ne, na mai basira. Shi ya sa katin kasuwanci yake da daraja a wurinsu: ana karɓarsa da hannu biyu, a tsaya a karanta haruffan kafin a ajiye.

Mutum biyu ne suka fi kowa fito da wannan suna a idon duniya, kuma rubutunsu ya bambanta. Kenzo Takada, mai zanen tufafi, nasa 賢三 ne, hikima da uku. Kenzo Tange, mai zanen gine-gine, nasa 健三 ne, lafiya da uku. Wannan na biyun ba baƙo ba ne ga Najeriya, ko da yake kaɗan ne suka san sunansa. An haife shi a 1913, ya rasu a 2005. Shi ya zana dandalin tunawa da zaman lafiya na Hiroshima, da zauren wasanni na Yoyogi da aka yi wasu wasannin gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964 a cikinsa, ya kuma karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 1987. Da aka zo gina Abuja, wani kamfanin haɗin gwiwa na Amurka, International Planning Associates, ne ya miƙa tsarin birnin gaba ɗaya a 1979, amma zanen tsakiyar gari, yankin da ya miƙe daga gindin Dutsen Aso, ofishin Tange aka ba wa, duk da cewa ba duk abin da ya zana aka gina yadda ya tsara ba. Wani abin sha'awa kuma, in kika dubi harafin 健 da kyau, alamar mutum ce a hagu, a dama kuma harafin da ke nufin gini.

To, ina batun "uku" da ta bayyana a sunayen biyu? Nan ne asalin labarin yake.

Harafin 三 zane uku ne a kwance, ɗaya bisa ɗaya, ƙaramin yaro ma zai gane shi. A ƙarshen sunan namiji ana karanta shi "zo". Tsohuwar al'adar Japan ita ce a jera 'ya'ya maza da lamba. Akwai jerin Taro ko Ichiro ga na fari, Jiro ga na biyu, Saburo ga na uku, Shiro, Goro, har abin da Allah ya ba mutum. Akwai kuma gajeren salo, inda uba zai zaɓi harafi ɗaya da yake so ya riƙa liƙa masa lamba: Kenichi, Kenji, Kenzo. Kin ga ke nan Kenzo a gidan Japanawa kusan shi ne Salisu a gidan Bahaushe, mai bi wa Auwalu da Sani. Tange kuwa ɗa na uku ne a wurin mahaifinsa, sunansa ya faɗi matsayinsa tun kafin a tambaya.

Wannan lissafi ba ado ba ne. A ƙarƙashin dokar zamantakewa ta zamanin Sarki Meiji, wadda ta fara aiki a 1898, babban ɗa ne ke gadar gida da gona da shugabancin zuri'a. Na biyu da na uku sai su nemi na kansu: wani ya tafi birni koyon sana'a, wani ya shiga soja, wani a ɗauke shi a gidan da ba su da ɗa namiji, ya auri 'yarsu ya ɗauki sunan danginsu. Da yawa cikin waɗanda suka tafi aikin gonakin rake a Hawaii daga 1885, ko suka bi jiragen ruwa zuwa Birazil bayan jirgin Kasato Maru ya isa Santos a 1908, irin waɗannan ƙannen ne da ba su da rabo a gonar gida. Mutum yana jin Kenzo, ya san ba shi ne magajin gida ba.

Amma kada ki ɗauki wannan a matsayin ƙa'idar da ba ta karyewa. Tsohon firaministan Japan Shinzo Abe yana da wannan harafin na uku a sunansa, alhali shi ne na biyu cikin 'ya'yan mahaifinsa maza. Wani lokaci ma lambar shekara take nunawa. Kamfanin inshorar rayuwa na Meiji Yasuda yana da jerin sunayen da suka fi yawa a kowace shekara tun daga 1912. A waccan shekarar, wadda ita ce ta farko a mulkin Sarki Taisho, sunan da ya zo kan gaba shi ne Shoichi. A 1913 Shoji. A 1914 Shozo. Iyaye ne suka riƙa ɗauko harafi daga sunan zamanin sarki suna haɗa shi da lambar shekara. Haka aka maimaita a 1927 da 1928, farkon zamanin Sarki Showa. Bayan wannan, "zo" tana da wasu haruffan da ba ruwansu da lamba, kamar 造 mai nufin ƙera abu, da 蔵 mai nufin rumbu. Don haka ko Kenzo na Japan ɗin ma, sai kin ga takardarsa za ki yanke hukunci.

Me ya sa sunan ya tsufa a gida? Dalilin farko mai sauƙi ne: ɗa na uku ya yi ƙaranci. A 1947 matsakaicin haihuwar macen Japan ya haura 'ya'ya 4, kuma a 1949 an haifi jarirai kusan miliyan 2.7. A 2023 adadin ya faɗo zuwa 1.20 ga kowace mace, jariran shekarar kuma ba su wuce dubu 730 ba. Gidan da yara ɗaya ne ko biyu, ina za a samo namiji na uku? Na biyu kuma, gyaran dokar da aka yi a 1947 ya soke fifikon babban ɗa a gado, sai lamba ta rasa aikin yi. Na uku shi ne kunnen mutane ya sauya. Sunayen da ke ƙarewa da "zo" sun koma suna da ƙamshin zamanin kaka. Harafin lafiya dai bai mutu ba: Kenichi na cikin manyan sunaye a ƙarshen shekarun 1960, Kenta kuma ya yi tashe a shekarun 1990. Wutsiyar ce aka yar. Iyayen yanzu sun karkata ga irin su Haruto, Ren, Minato, sunayen rana da furen ruwa da gaɓar teku, masu taushi a baki.

Yadda ake raɗa sunan ma ya cancanci a faɗa. A al'ada, a dare na bakwai da haihuwa, wanda suke kira oshichiya, uba ko kaka zai ɗauki buroshi da baƙar tawada ya rubuta sunan da manyan haruffa a tsakiyar farar takarda, da ranar haihuwa a gefe, a liƙa ta kusa da inda jariri yake kwance. Wasu iyayen kan ƙirga yawan zanen da ke cikin kowane harafi kafin su zaɓa, don sun yi imani cewa jimillar tana da nasaba da sa'a. 健 zane 11 ne, 賢 kuma 16, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa wani gida ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya. Hukuma tana ba da kwana 14 a kai sunan rajistar iyali, kuma ba kowane harafi take karɓa ba, sai waɗanda ke cikin jerin da aka amince, kusan 3,000. Daga ranar 26 ga Mayun 2025 har lafazin sunan ake shigarwa rajista, don taka wa masu ƙirƙirar karatu na ban mamaki birki. Kenzo ba shi da matsala da wannan doka ko kaɗan. Tsufa ne kawai laifinsa.

Yanzu mu tsallaka zuwa wajenki.

An haifi Kenzo Takada a garin Himeji a 1939. Yana cikin mazan farko da aka ɗauka a kwalejin ɗinki ta Bunka da ke Tokyo, wadda a da mata zalla take koyarwa. Da aka rushe gidan da yake haya ana shirin gasar Olamfik, aka biya shi diyya, sai ya sayi tikitin jirgin ruwa da kuɗin, ya sauka Marseille, ya shiga Paris a farkon 1965. A 1970 ya buɗe ɗan shagonsa a Galerie Vivienne, ya zane bangon da kansa da hoton kurmi. Abin da ya shafi tambayarki shi ne, da kasuwa ta buɗe, sunansa na yanka ya ɗora wa kamfanin, ba sunan dangi ba. Manyan gidajen ɗinki na Paris irin su Dior da Chanel da Givenchy duk sunayen dangi ne. Da ya sa Takada a allon, a ganina da yau babu Kenzo ko ɗaya a ajin ɗanki. Kayan maza sun fito a 1983, turare a 1988, rukunin kamfanonin kayan ƙawa na Faransa, LVMH, ya sayi kamfanin a 1993, shi kuma ya ajiye aiki a 1999. Turaren Flower da ya fito a 2000, mai jan fure a jikin doguwar kwalba, da rigar sanyi mai kan damisa ta 2012, sun kai haruffan nan biyar gidajen da ba su taɓa jin labarin Himeji ba. Takada ya rasu ranar 4 ga Oktoban 2020 a kusa da Paris, sanadin cutar korona, yana da shekara 81.

Shahara kaɗai ba ta isa ba, sai da doka ta buɗe ƙofa. Tun 1803, zamanin Napoleon, dokar Faransa ta taƙaita sunayen yara ga waɗanda ke cikin kalanda, galibi na waliyyan Kirista, da na fitattun mutanen tarihin da. An ɗan sassauta a 1966, amma ma'aikacin rajista na da ikon ƙin sunan da bai kwanta masa ba. Dokar 8 ga Janairun 1993 ce ta juya lamarin: dole ya rubuta abin da iyaye suka kawo, in yana ganin sunan zai cutar da yaro sai ya sanar da mai gabatar da ƙara, alƙali ya duba. Ba a bar abin sakaka ba, don wata kotu a Valenciennes ta hana a sa wa yarinya Nutella, aka mayar da ita Ella. Kenzo ya wuce lafiya saboda sunan mutum ne tun kafin ya zama na kamfani. Tashinsa a alƙaluman INSEE, hukumar ƙididdiga ta Faransa, ya biyo bayan wannan buɗi ne, har ya kai ana sa wa ɗaruruwan yara a kowace shekara.

Sai dalilin da na fi ba wa nauyi, wato kunne. A tsakiyar shekarun 2000 sunan da ya fi kowanne yawa ga yara maza a Faransa shi ne Enzo, ɗan asalin Italiya, ga kuma Lorenzo da Mathéo da Hugo da Léo, duk masu ƙarewa da "o". Uwar da take son Enzo amma ta ga ya cika unguwa, harafi ɗaya za ta ƙara a gaba ta sami abin da yake sabo kuma ba baƙo ba. Wannan shi ne bayanin ɗan Baturen ajin. Na 'yan Aljeriyan kuma akwai ƙarin wata hanya. A Maroko da Aljeriya akwai tsohon sunan mata, Kenza, daga kalmar Larabci kanz, wato taska. Sunan mahaifiyar Idris na Biyu ke nan, sarkin da ya raya birnin Fas. Iyalan Magrib da ke Faransa sun saba da Kenza, suna kuma sa Kenzi, don haka Kenzo yana shiga kunnensu kamar ɗan gida, ga shi kuma ba zai sa a yi wa yaro wani kallo a makaranta ko wurin neman aiki ba. Amma ta fuskar asali babu dangantaka tsakanin Kenzo da Kenza, kamar yadda ba shi da haɗi da ƙanzon tukunya, duk da na san kunnenki na Bahaushiya ya riga ya kai can.

A Amurka kuwa, inda nake zaton daga can bayanin "ba kasafai ba" ya fito, labarin daban ne. Hukumar tsaron zamantakewa ta ƙasar tana fitar da sunaye 1,000 da suka fi yawa kowace shekara, da bayanai tun daga 1880, kuma ba ta bayyana sunan da aka sa wa yara ƙasa da biyar. Kenzo ya daɗe a wajen wannan dubun. Ɗan wasan kwaikwayo Djimon Hounsou, haifaffen Benin, da Kimora Lee Simmons, wadda ke da jinin Japan ta wajen uwa, sun sa wa ɗansu sunan a 2009. Ɗan barkwanci Kevin Hart ya sa wa nasa a ƙarshen 2017, kuma a 2018 sunan ya shiga jerin. Duk da haka 'yan ɗaruruwa ne a shekara, a ƙasar da ake haihuwar jarirai kusan miliyan 3.6, inda suna irin Liam ke samun kimanin 20,000. Faransa kuwa haihuwarta a 2023 ba ta kai 700,000 ba. Ɗaruruwa a can da ɗaruruwa a nan ba ɗaya ba ne, shi ya sa mai rubutu daga Amurka zai ce sunan ba shi da yawa, ke kuma ki same shi biyu a aji. A Beljiyam da Holan ma ana jin sa. A Birazil, inda jikokin Japanawa suka fi yawa a wajen Japan, ana yawan haɗa sunan Fotugis da na Japan ga yaro ɗaya, kuma a can ne za ki fi samun Kenzo da ya gaji sunan ta jini.

Yana da kyau a bambanta shi da wasu sunayen da ake jerawa tare da shi. Raiden, alal misali, ya bazu a Amurka ta wasan bidiyo na Mortal Kombat da kuma kamarsa da Aiden da Jayden, amma a Japan kalma ce ta tsawa da walƙiya, kuma laƙabin wani shahararren ɗan kokawar sumo da ya rasu a 1825. Ba sunan da iyaye suka saba raɗa wa jariri ba ne. Kenzo kuwa in yaro ya je Tokyo da shi, ba wanda zai yi mamakin sunan, sai dai a yi murmushi a ce sunan kakan wani ne.

Lafazi ma ya sauya a hanya. A Japananci wasalin ƙarshe dogo ne, Kenzoo, kuma "n" ɗin tana da nata bugun, sunan ya zama bugu huɗu: ke, n, zo, o. Mai jin Hausa ba zai sha wahala ba, tunda mun saba bambanta dogon wasali da gajere. Faransawa sun gajarta shi. Sannan a can sunan dangi ne ke zuwa farko, Takada Kenzo, Tange Kenzo, kuma tun farkon 2020 gwamnatin Japan ta koma rubuta sunaye a haka cikin takardunta ko da haruffan boko ne.

Game da yaran ajin ɗanki, takardar haihuwarsu haruffan boko biyar kawai ta ɗauka, babu kanji, don haka babu ma'anar da za a ce ita ce tasu a hukumance. In iyayensu daga kamfanin suka ɗauko, mafi kusa shi ne rubutun Takada, hikima da uku. In ɗayansu ya girma ya je Japan, ba da kanji za a rubuta masa suna ba, da katakana za a rubuta, haruffan da suke amfani da su wajen kalmomi da sunayen waje, ケンゾー, kuma haka ake rubuta sunan kamfanin ma a shagunan Tokyo.